Ranar da Kibiyata Ta Ƙi Motsi

Masu karatu, ku gyara zama. Kun saba jin yadda nake ƙure mutanen gidanmu da baki, to yau ni ce a ƙasa, kuma babu wanda ya kayar da ni sai ni kaina.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu, ni ce autar gidanmu, sana'ata zanen gidaje a kwamfuta. Wani ofishin magina ke turo min aiki, ina yi daga gida, a tsohon ɗakin Yaya wanda bango ɗaya ya raba shi da falo. Da zai yi aure ya bar min ɗakin da wata ƙatuwar kwamfutar tebur mai gurnani. Ba ta da wurin shafawa da yatsa irin na laftof. Maus ne hannuna, in babu shi ko layi ɗaya ba zan ja ba.

Sai kuma shi. Abokin Yaya ne, shi ke kula da kwamfutocin wani kamfani. A gidanmu Mai Kwamfuta ake ce masa, a wayata kuwa Zaɓin Mama na sa masa. Laifinsa ɗaya ne, kowa na son sa. Mama in ta ji sallamarsa har muryarta canjawa take yi. Baba da ba ya dariya sai da dalili, in ya zo sai ka ga haƙoransa na ciki. Ni kuma Allah ya yi ni da wani hali, in aka taru aka nuna min hanya mai kyau, sai in tattare zani in bi ta cikin kwata.

Zuwansa na ƙarshe Mama ta tambaye shi a gabana yaushe za mu ga manyansa. Raina ya ɓaci. Da na raka shi bakin ƙofa na ce, “Don Allah kada ka sake kira na. In ina nemanka ni zan kira.” Ya dube ni ya ce, “To.” Na dawo ciki na cika wa Mama baki cewa in dai ni ce, sai dai ya tsufa yana jira.

Matsalar ita ce mutumin nan yana jin magana. Makonni suka wuce, ko ɗigon saƙo babu. Kuma tunda ku ba za ku kai wa Mama rahoto ba, bari in faɗa muku gaskiya: ina son sa. Ina son sa har ina jin haushin kaina. Kullum sai na buɗe hotonsa na waya na ƙare masa kallo, sannan in yi tsaki in kife wayar kamar shi ya roƙe ni in duba. Na san ba zai jira har abada ba, na kuma san kiran nan a hannuna yake, amma girman kai ya hana.

Ranar da abin ya faru, da safe Oga ya turo saƙo: “Zanen gidan nan mai bene, yau nake so kafin a tashi. Mai gidan zai zo.” Saura matakala da tagogin sama, aikin da ba zai kai ni azahar ba. Na zauna cikin tsohuwar rigar ƙwallon Yaya da ta koɗe, da zanin da gefensa ya yage, kaina ɗaure da wani ɗankwali da ko shara ba a fita da shi. Na aje kofin shayi, na ɗora hannu a kan maus.

Kibiyar da ke kan allon kwamfuta ta ƙi motsi.

Maus ɗin nan baƙi ne marar waya, kuma Mai Kwamfuta ne ya kawo shi. Guda biyu ya sayo iri ɗaya, ɗaya nawa, ɗaya na laftof ɗin da Baba ke kallon labarai a falo. Ranar ko godiyar kirki ban yi ba, cewa na yi tsohon nawa ma lafiyarsa ƙalau, washegari na jefar da tsohon.

Na girgiza shi. Na ɗan buga shi a tebur, irin bugun da ake wa rimot. Na kifa shi, ga jar wutarsa tana ci. Duk da haka na lallaɓa falo na zare batiran rimot ɗin talabijin na sa masa. Shiru. Na durƙusa ƙarƙashin tebur na zare 'yar risibarsa, ƙaramar abar nan kamar farcen yatsa da ake soka wa kwamfuta, na hure ta, na mayar da ita wani ramin, na sake canja wani. A can ƙasa na tsinci ɗan kunnena da na zargi matar Yaya da ɗauka, Allah ya yafe min, amma kibiya tana nan inda take.

Ina tasowa, hannuna ko kusa da maus bai je ba, sai na ga kibiyar ta zabura da kanta ta tafi kusurwar sama, ta dawo, ta yi 'yar rawa ta tsaya. Na ja kujera baya ina a'uzubillahi. Na cafki maus na hau dannawa, hagu da dama, kamar mai kashe kiyashi.

Daga falo na ji muryar Baba. “Wai wa ya taɓa min kwamfutar nan ne? Ina kallo tana rufe kanta.”

“Tsufa ne, Alhaji,” in ji Mama. “Kai da ita duka.”

Na ji su sarai, amma ban kawo komai a raina ba. Ku da kuke karantawa wataƙila kun riga kun gano. Ni mai digiri ban gano ba.

Mama ta leƙo. Sanye take da leshinta mai ruwan goro wanda ba ta sawa sai za ta unguwa, sai ƙamshi take yi, hannunta riƙe da sababbin rigunan matashin kujera.

“Auta, lafiya kike ta buge-buge?”

“Maus ne ya ɗan samu matsala.”

“Ayya. Ki kira yaron nan mana.”

“Mama, shekara nawa na yi a jami'a?”

“Ai shi ya sa na ga kina ƙarƙashin tebur.”

“Ina za ki ne kika yi kwalliya haka?”

“Sai da unguwa ake wanka?” Ta juya ta fita tana 'yar waƙarta.

Na ɗauki waya na bincika. Duk inda na duba magana ɗaya ce: direba. Wato wata 'yar manhaja ce da ke yi wa kwamfuta tafinta tsakaninta da maus, in ta rikice sai su daina jin yaren juna. Na samu bidiyon wani mutum mai magana kamar ana kora shi, ya ce abu ne mai sauƙi, ka shiga wurin da aka jera duk kayan da ke jikin kwamfuta, ka kashe direban, ka sake kunnawa. Shi da maus yake nunawa. Bai tsaya ya yi tunanin cewa duk mai kallonsa maus ɗinsa ne ya mutu ba.

Haka na shiga da kibod kaɗai, ina danna madannan kibiya ɗaya bayan ɗaya kamar mai laluben ashana a ɗaki mai duhu. Na wuce wurin, na dawo, na sake wucewa. Da ƙyar na isa jerin. Sunaye ne dogaye masu kama da juna. Na ga wani da ya yi min kama da na bidiyon, na ce kai ne. Kwamfuta ta tambaye ni, kin tabbata? Masu karatu, ita kanta na'urar sai da ta ba ni damar tuba. Na ce na tabbata.

'Yar koriyar wutar kibod ta mutu.

Ashe ba na maus na kashe ba, wanda ke kula da duk ramukan da ake soka kaya na kashe. Na danna madannai, babu. Na kashe kwamfutar daga jikinta na kunna, ta taso lafiya lau ta ce in sa lambar sirri, ni kuma ba ni da abin sawa. Garin neman gira na rasa ido.

Saƙon Oga ya sake shigowa: “Ina fata kin kusa.” Na rubuta masa, “Saura kaɗan, Oga.” Na kifa kai a tebur na yi ɗan kuka, ba mai yawa ba, daidai wanda zai sa hanci ya kumbura.

Daga nan na fara yi wa kaina lauya. Cewa na yi ba zan kira shi ba. Ban ce ba zan tura saƙo ba. Kuma wannan ai ba nema ba ne, aiki ne, ko mai gyaran famfo ne haka zan yi masa. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, har na samu wanda ya fi kowanne bushewa.

“Salam. Maus ɗina ya daina aiki. Maganar aiki ce kawai.”

Ban aje wayar ba amsa ta shigo.

“Wa alaikumus salam, ranki ya daɗe. Kin canja batir?”

“Ni ba yarinya ba ce.”

“Allah ya huci zuciyarki. Kin taɓa direba?”

“Kaɗan.”

“Kaɗan kamar yaya?”

“Kibod ma ya mutu.”

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo. Na san dariya yake yi, har ina ganin yadda yake rufe baki da bayan hannu.

“Ki ɗauke hannunki daga jikinta. Ina zuwa.”

Wadda ta ce maganar aiki ce kawai, sai ga ta a gaban madubi da riguna zube a kan gado. Na sa shuɗiya na cire, ta yi kama da wadda ta shirya. Na sa doguwar rigar nan mai ruwan jinin kare da ya taɓa cewa ta yi min kyau, na ce ai ba zai tuna ba. Na shafa hoda, na zizara kwalli, na sa jan baki na goge rabinsa don ya zama kamar haka leɓena yake. Na yafa mayafi mai ruwan madara, na fesa turare sau ɗaya, na tsaya, na ƙara.

Da na fito na tarar da falo ya canja. An sa wa matasai sababbin riguna, an fito da kofunan gilashin da ke cikin kabad waɗanda tun ina firamare aka hana ni taɓawa, ga lemo ya yi sanyi har yana gumi. Ban faɗa wa Mama yana zuwa ba. Wannan ma ban tsaya na yi lissafinsa ba, hankalina na kan ko kwallin ya yi yawa.

Ya yi sallama. Riga mai ruwan sararin sama, ya naɗe hannuwanta zuwa gwiwar hannu, katin wurin aiki na rataye a wuyansa, ga baƙar jakarsa. Ya ɗan rame, ko kuma ni ce nake so ya rame. Ya durƙusa ya gaida Baba da Mama.

“Yawwa, ɗan albarka,” in ji Baba. “In ka gama da tata ka duba min tawa. Tun safe take wasa da hankalina.”

Ya shigo ɗakin aikina, ƙofa a buɗe, Mama na kai da kawo a bakinta kamar mai neman wani abu. Bai kalle ni sosai ba, sai dai ya ce, “Ina wuni,” na ce, “Lafiya,” kamar ma'aikatan banki. Ya buɗe jaka ya fito da wani tsohon kibod mai kauri, wayarsa da zagayayyen kai.

“Wannan ba ya bi ta ramukan da kika rufe,” ya ce. “Ƙofarsa daban. Saboda irinku nake yawo da shi.”

“Irinmu su wa?”

“Masu ilimi.”

Na danne dariya da tari. Ya soka shi a bayan kwamfutar, ya kashe ya kunna, ya juya kansa gefe har na sa lambar sirri. Yatsunsa suka yi ta tafiya a kan madannai ba tare da ya duba su ba. Can sai wutar kibod ɗina ta dawo.

“Direbanki lafiyarsa ƙalau tun farko,” ya ce. “Bari mu ga maus.”

Ya motsa shi. Kibiya ko gezau. Ya ɗaure gira, ya kifa shi, ya duba risiba, ya sake motsawa ya danna.

“Ga shi nan ta sake,” in ji Baba daga falo. “Ana tsakiyar hira da minista ta ɗauke.”

Mai Kwamfuta ya tsaya cak. Ya karkata kai wajen bango. A hankali ya ja maus ɗin zuwa dama, ya danna sau ɗaya.

“Yanzu kuma ta ƙure murya,” in ji Baba, kuma mu ma muna jin ministan har cikin ɗaki.

Ya miƙe ya fita da maus ɗin a hannu, ya dawo da ɗan'uwansa. Ya aje shi a tebur, ya taɓa shi da yatsa ɗaya. Kibiya ta tafi sumul kamar ba ita ba. Tun safe ashe maus ɗin Baba ne a hannuna, nawa na hannunsa, ni ina rufe masa labarai, shi yana sa min kibiya rawa.

Ya zauna a bakin tebur yana kallona, wani irin murmushi na buɗe masa fuska. Ban taɓa ganin sa haka ba. Ya sassauta murya don kada a ji a waje.

“Da cewa kika yi in zo, ai da na zo. Ba sai kin tayar wa Baba da hankali ba.”

“Me kake nufi?”

“Maus ba ya tashi da ƙafarsa ya je falo, ranki ya daɗe.” Ya sunkuyar da kai yana dariya. “Tun da saƙonki ya shigo bakina ya ƙi rufuwa. Abokan aikina sun zaci hutu aka ba ni. Na ce a raina, ashe dai ta neme ni.”

Masu karatu, ku duba min wannan dama. Ba a ce in yi magana ba. In sunkuyar da kai kawai in ja bakin mayafi, shi ke nan, an gama, sai a fara maganar manya. Zuciyata na cewa ki yi shiru, ki yi shiru. Amma na hango inuwar Mama a bakin ƙofa, na tuna bakin da na cika mata, sai girman kan nan ya taso min.

“Ni? Allah ya kiyaye. In musanya maus don in gan ka? Wallahi da akwai wani mai gyara kusa, ko saƙon ba za ka gani ba.”

Da ƙarfi na faɗa. Har ministan falo sai da na ji kamar ya yi shiru.

Murmushin bai ɓace lokaci ɗaya ba. A hankali ya tafi, ina kallo, kuma magana zarar bunu ce.

Mama ta shigo da tire a hannu, kofunan suna ɗan karo da juna.

“Ni ce,” ta ce. “Ranar da ka kawo su ai ka ce kowanne da abokinsa, in aka musanya ba za su yi aiki ba. To na riƙe. Da asuba ina shara na musanya. Na ga ku duka biyu kuna ta ramewa a banza.”

“Au, ke ce?” in ji Baba daga falo. “Kika ce tsufa ne?”

A wata ranar da mun yi dariya har mu faɗi. Shi bai yi ba. Ya zare tsohon kibod ɗinsa, ya naɗe wayar a hankali, ya sa a jaka. Ya ciro alƙalami ya yi ɗan ɗigo a ƙarƙashin maus ɗina don kada ya sake haɗuwa da na Baba.

“Mama, na gode da ƙaunar da kike min,” ya ce. “Allah ya saka da alheri. Amma don Allah kada ki sake wahalar da kanki.”

Ya juyo wajena, idonsa a kan tebur. “Gwada ki gani.”

Na gwada. Yana aiki.

“To, Allah ya ba da sa'ar aikin.”

Ya yi wa Baba sallama ya tafi, lemon ko taɓawa bai yi ba.

Na jira faɗan Mama, na ma shirya amsoshi. Sai ta aje tiren ta tsaya tana kallona, fuskarta duk ta faɗa.

“Na yi kuskure, Auta. Na zaci kunya ce ke damunki. Tunda ba kya so, daga yau na cire bakina. Ba zan sake ambatar sunansa a gidan nan ba.”

Ta fita ta ja min ƙofa. Watanni ina faɗa don in ji wannan magana, yau na ji ta, kuma ji na yi kamar an zare min kujera ina zaune. Duk tsawon lokacin nan da Mama nake fakewa. Yanzu babu mai tura ni, babu wanda zan yi wa taurin kai, daga ni sai abin da ke raina.

Na ja matakala, na sa tagogi, na tura wa Oga. Ya ce ya yi kyau. Maus ɗin nan bai taɓa santsi irin na ranar ba, har haushi ya ba ni.

Bayan la'asar wayata ta yi ƙarar shigowar saƙo. Zaɓin Mama.

“Ga lambar wani abokin aikina, shagonsa na kusa da ku, kuma yana da kirki. In wani abu ya sake lalacewa shi za ki nema. Ki yafe min takurar da na yi miki, ban san ta kai haka ba.”

Na karanta sau ba adadi. Babu zagi, babu gori, babu inda zan kama in yi fushi. Na fara rubuta amsa, na tuna saƙo ne ya kawo ni nan. Na danna kira.

Ta yi ta ringi har na fid da rai. Sai aka ɗauka.

“Me ya lalace kuma?” ya ce. Muryarsa a gajiye.

“Babu. Komai na aiki.”

Na kasa kunne. Ina jin ƙarar motoci a bayansa, sai na ji ya rufe wata ƙofa, ƙarar ta ɗauke.

“To,” ya ce, “ina jin ki.”

Ni da ban taɓa rasa ta cewa a gidanmu ba, na buɗe baki na ji babu komai a ciki sai gaskiya, ita kuwa ban taɓa gwada faɗarta da ƙarfi ba. Shi kuma bai taimake ni ba, bai kashe wayar ba, yana nan yana jira.